Shin mai kula da rukunin ma'aikatan jinya ya yi daidai da ya goge saƙona?

'Yar'uwa, kin ce kin tura tallar atamfa da gaisuwar Juma'a a rukunin WhatsApp na ma'aikatan jinya, mai kula da rukunin ya goge su, kina tambaya ko wannan wulaƙanci ne. A ganina ba wulaƙanci ba ne, muddin an bayyana ƙa'idar tun farko kuma ana aiki da ita a kan kowa.

Rukunin WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma tun shekarar 2022 manhajar ta ba masu kula damar goge saƙon kowane memba. Idan mutum ɗari kacal suka amsa gaisuwarki da "amin", sanarwar sauyin jadawalin aikin dare ko ta sabunta lasisi za ta nutse, wadda take bakin aiki a ɗakin haihuwa kuwa ba ta da sukunin laluben ta. Gaisuwa abu ne mai kyau a al'adarmu, shi ya sa ƙungiyoyi da dama suke buɗe rukuni na biyu domin zumunci, ta'aziyya, ɗaurin aure da talla.

Inda nake ganin mai kula da rukunin ya gaza shi ne idan ya goge ba tare da ya yi miki bayani a keɓe ba. Ki tuntuɓe shi ta akwatinsa cikin ladabi, kada ki kai ƙorafin cikin taro, sannan ki ba da shawarar a rubuta ƙa'idojin a bayanin rukunin, har da haramcin saka hoton majinyaci ko sunansa.