Tambaya da Amsa: Lokaci Yana Ƙure Mini a Jarrabawar Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina ajin ƙarshe na sakandare, zan zauna WAEC bana. A takardar Turanci ta biyu nakan shagala da insha'i, kafin in gama taƙaitawa sai a ce a ajiye biro. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Takardar nan awa 2 ce, maki 100: insha'i 50, fahimtar labari 20, taƙaitawa 30. Raba lokacinki haka: minti 50, minti 30, minti 40. Da an ce a fara, duba agogo ki rubuta lokacin tashi daga kowane sashe. In an fara da ƙarfe 9:30, ki bar insha'i 10:20, ko da akwai sauran magana a bakin bironki. Minti goman da za ki ƙara masa ba wani maki za su jawo ba, amma a taƙaitawa sun isa ki rubuta amsa biyu cikakku.

Cikin minti 50 ɗin, kashe 5 wajen zaɓar tambaya ɗaya da jera hujjoji uku ko huɗu, kowace a kalma biyu kacal. Rubutu minti 40, gyaran kurakurai minti 5. Kada ki rubuta daftari sannan ki sake kwafa. Wannan ne ya fi cin lokacin ɗalibai, hannu kuma ya gaji tun ba a je ko'ina ba.

Kalma 450 ake nema. Tun a gida ki ƙirga kalmomin da kike cikawa a layi ɗaya. In 9 ne, layi 50 ya wadatar, ba sai kin tsaya ƙirga ɗaya-ɗaya a ɗakin jarrabawa ba.

A sassan biyu na baya, fara karanta tambayoyin kafin labarin, don idonki ya san abin da yake nema. Tambayar da ta cije, bar mata layi uku ki wuce.

Daga yanzu, kowace Asabar ki ɗauki tsohuwar takarda ki amsa ta cikin awa 2 cif, ki sa wani a gida ya riƙe miki agogo, ya karɓe takardar da zarar lokaci ya cika. Ranar jarrabawa ki tafi da biro biyu, ki kuma tuna ba a shiga da waya.