Hukuncin Lauyan da ke Kare Waɗanda Ake Tuhuma a Shari'o'in Siyasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni lauya ne, shekarata 11 ina kare mutanen da ake tuhuma da manyan laifuka, kuma yanzu yawancin abin da ke zuwa hannuna shari'o'i ne da siyasa ta shiga cikinsu: tuhumar cin amanar ƙasa, da tunzura jama'a, da almundahanar da ake gurfanar da tsofaffin masu muƙami a kanta bayan mulki ya sauya hannu. Mutum biyu ne suka hana ni barci. Na farko na same shi a tsare, wuyan hannunsa a kumbure saboda ɗauri, ya ce mini bayan kwanaki ana dukansa ne ya sa hannu a takardar amsa laifi. Na biyu kuwa ya gaya mini da bakinsa, mu biyu, cewa shi ya ba 'yan bangar siyasa kuɗi suka far wa taron abokan hamayya har aka rasa rai, yana so in kawo shaidun da za su ce ba ya nan. Wani babba a danginmu ya ce aikina taimakon masu laifi ne, kuɗina haram ne. Mene ne hukuncin Shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tambaya kafin ka ci gaba.

Aikin lauya a asalinsa halal ne, domin shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira wakilci a husuma, wato mutum ya ɗora wani ya yi magana a madadinsa a gaban alƙali. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kasance yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a shari'o'insa, daga baya kuma ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. Imamu Abu Hanifa ya sharɗanta yardar abokin husuma idan mai wakiltawar ba shi da uzurin ciwo ko tafiya, amma mafi yawan malamai ba su sharɗanta haka ba. Hikimar a bayyane take a hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka fitar, inda Annabi (SAW) ya ce mutane suna kawo masa ƙara, kuma mai yiwuwa wani ya fi wani iya tsara hujjarsa sai a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, to wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, domin yankin wuta aka yanka masa. Hadisin ya tabbatar da cewa mai gaskiya yana iya faɗuwa saboda nauyin harshe, saboda haka yana buƙatar mai tsaya masa, kuma a cikinsa ne dai aka gargaɗi mai kaifin harshe cewa hukuncin alƙali ba ya halatta haram.

Dalilin da masu haramtawa suke riƙe da shi ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata ka raina maganar babban naku ba. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 105, kada ka zama mai husuma domin kare maha'inta, sannan a aya ta 107 Ya hana yin jayayya a madadin waɗanda suke ha'intar kawunansu. Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya ciro daga nan cewa bai halatta a wakilci mai ɓarna a husuma ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa wanda ya yi husuma a kan ƙarya alhali yana sane, ba zai gushe cikin fushin Allah ba har sai ya janye. Sai dai ka lura da wannan sharaɗi na cikin hadisin, «alhali yana sane», domin a kansa hukuncinka duka ya rataya. Ka kuma duba dalilin saukar ayoyin: wani daga gidan Banu Ubairiƙ ne ya yi sata, ya jefa laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba, danginsa suka taso suna neman a wanke shi. Ayoyin da suka tsawatar a kan kare ɓarawon su ne kuma suka kuɓutar da wanda aka yi wa ƙazafi. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauko su a hana tsaya wa duk wanda aka tuhuma, domin wanda ake tuhuma daban, maha'inci daban, kuma tsakaninsu akwai hujja wadda wajibi ne mai ƙara ya kawo. Annabi (SAW) ya ce da za a ba mutane bisa da'awarsu kawai, da wasu sun yi da'awar jinin wasu da dukiyoyinsu.

Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfi a shari'ar siyasa, domin a nan mai ƙara shi ne mai kamawa, shi ne mai tsarewa, kuma sau da yawa jama'a sun riga sun yanke hukunci kafin a buɗe kotu. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yusuf (AS) a aya ta 35 ta surarsa, cewa an yanke shawarar ɗaure shi ne bayan an ga alamomin kuɓutarsa, kuma a aya ta 50 ya ƙi fita daga kurkuku sai an sake bincike. A Suratu Gafir, aya ta 28, Allah Ya yabi mumini daga mutanen Fir'auna da ya miƙe a fada ya ce, shin za ku kashe mutum don ya ce Ubangijina Allah ne, alhali ya zo muku da hujjoji? Imamu Malik kansa an yi masa bulala a Madina a zamanin Halifa Mansur saboda an fassara fatawarsa ta cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa a matsayin warware mubaya'a. Duk mai cewa wanda hukuma ta kama dole mai laifi ne, to ya tuna da waɗannan.

Misalin da ya fi kusa da aikinka shi ne na Haɗibu ɗan Abu Balta'a a shekara ta 8 bayan Hijira. Ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin Annabi (SAW) kafin buɗe Makka, an kuma kama wasiƙar a hannun matar da ta ɗauko ta, wato hujja ta tabbata, kuma laifin a harshen yau cin amanar ƙasa ne. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa, amma Annabi (SAW) ya fara da tambayarsa, ya Haɗibu, mene ne wannan? Haɗibu ya ce kada a yi gaggawa a kansa, ya bayyana cewa iyalinsa ne a Makka ba su da dangin da zai kare su, ba kafirci ya kai shi ba. Annabi (SAW) ya gaskata shi, ya kuma ambaci halartarsa yaƙin Badar. A nan an saurari wanda laifinsa ya tabbata, an duba niyyarsa da halin da ya tura shi da tarihinsa na baya, kuma waɗannan su ne abubuwan da lauya nagari yake shimfiɗa wa kotu. Malaman Malikiyya ma sun wajabta wa alƙali yin i'izari, wato ya tambayi wanda zai yanke wa hukunci ko yana da sauran hujja kafin ya zartar. Wannan ya dace da sashe na 14 na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966, wanda ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin kare kansa, da kuma ƙa'idojin aikin lauyoyi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kuba a 1990, waɗanda suka ce kada a ɗora wa lauya ra'ayin wanda yake karewa.

Mutuminka na farko, tsaya masa halal ne, kuma ina ganin ya kai matsayin farilla ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, wadda za ta koma kanka kai kaɗai idan sauran lauyoyi sun guje shi saboda tsoro. Iƙirarin da aka samu da duka ba hujja ba ne a wurin mafi yawan malamai. Allah bai kama wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nahli, aya ta 106, to ta yaya za a kama mutum da sa hannun da ya yi bayan kwanaki a ɗaure? An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kansa idan an bar shi da yunwa, ko an doke shi, ko an ɗaure shi. Ka nemi likita ya duba wuyan hannun nan tun kumburin bai saɓe ba, ka nemi a jefar da takardar, ka nemi belinsa, ka yi wa shaidun masu gabatar da ƙara tambayoyi ba tare da jin kunya ba. Ba sharaɗi ba ne ka yarda da ra'ayinsa na siyasa, ko da kana ƙinsa ƙwarai, domin aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci.

Na biyu kuwa hukuncinsa dabam. Ka fara tabbatar da abin da ya faɗa maka, domin akwai masu ɗaukar laifi don rufa wa ubangidansu asiri ko don an tsorata su, kuma akwai bambanci tsakanin wanda ya ba da kuɗi don a kashe da wanda ya bayar don wani abu aka wuce gona da iri. Idan ya tabbata a zuciyarka cewa shi ya tura su, to kawo shaidun da za su ce ba ya nan haram ne ba tare da wani saɓani ba. Shaidar zur tana cikin manyan zunuban da Annabi (SAW) ya tashi zaune saboda ita ya yi ta maimaitawa, kuma mai tsara ta da mai furta ta abokan tarayya ne. Haka nan bai halatta ka ce wa kotu da bakinka bai aikata ba, ko ka ƙaryata shaidan da ka san gaskiya ya faɗa, ko ka karkatar da zargin kan wani. Na tsananta a nan ne saboda wannan haƙƙin bayi ne. A laifin da yake tsakanin bawa da Ubangijinsa Shari'a tana son sutura, har Annabi (SAW) ya yi ta kawar da kai daga Ma'izu lokacin da ya zo yana iƙirarin zina, amma a nan akwai gawa, akwai magada da suke jiran jinin ɗansu, kuma babu wanda yake da ikon yafe musu haƙƙinsu sai su.

Wannan ba ya nufin ka yar da shi. Annabi (SAW) ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, ya kuma fassara taimakon azzalumi da hana shi zalunci. Ka yi masa nasiha a keɓe ya tuba, ya amsa gwargwadon abin da ya yi, ya nemi sulhu da magada ta hanyar diyya ko afuwa inda doka ta ba da dama. Ya halatta ka tsaya don kada a lafta masa tuhumar da ta fi laifinsa, kamar a mayar da harin taro ɗaya yunƙurin kifar da gwamnati, ko a azabtar da shi, ko a yi masa hukuncin da ya wuce ƙa'ida saboda jam'iyyarsa, domin mai laifi ma ana iya zaluntarsa. Idan ya dage sai an bi hanyar ƙarya, to ka janye daga shari'ar ta yadda dokar aikinku ta tanada, ka mayar masa da kuɗin aikin da ba ka yi ba. Abin da ya gaya maka amana ne, kada ka kai shi ga 'yan jarida ko abokan hamayyarsa, sai fa idan wani hari ne yake shiryawa nan gaba, ko kuma shirunka zai sa a hukunta wanda ba shi da laifi, a nan kare rai ya fi riƙe sirri.

Akwai abin da nake yawan jin tsoronsa ga masu irin aikinka fiye da barazanar hukuma, shi ne a wayi gari lauya ya koma kakakin jam'iyya da rigar lauya. Idan jam'iyya ce take biyan kuɗinka, amanarka tana wuyanka ga mutumin da ke tsare, kuma bai halatta ka bar shi ya daɗe a kurkuku ba don zamansa a can yana jawo wa jam'iyya tausayin masu zaɓe. Neman ɗage zama ba tare da dalili ba don a gajiyar da masu haƙƙi zalunci ne, faɗa wa manema labarai a ƙofar kotu abin da ka san ba haka yake ba ƙarya ce, kuma cin hanci ga alƙali ko ma'aikacin kotu yana ƙarƙashin la'anar da ta hau mai bayarwa da mai karɓa. A shari'o'in almundahana ka ƙara lura, domin kasancewar an zaɓi wasu an gurfanar an ƙyale wasu zalunci ne daga hukuma da ya halatta ka bayyana shi, amma ba ya mayar da dukiyar jama'a halal ga wanda ya ci ta. Idan ka san kuɗin da za a biya ka daga ainihin abin da aka sace ne, kada ka karɓa.

Idan barazana ta kai ga ranka ko iyalinka, kana da rangwamen janyewa, da sharaɗin ka miƙa takardun ga wani lauya don kada wanda ke tsare ya rasa mai tsaya masa. Idan kuma ka daure, to Annabi (SAW) ya sanya faɗin gaskiya a gaban shugaba azzalumi cikin mafificin jihadi. Ladan da kake karɓa a kan aikin da ya cika waɗannan sharuɗɗa halal ne, matuƙar an ƙayyade shi tun farko kamar sauran ijara, wato ɗaukar mutum aiki don a biya shi. Abin da ka karɓa a baya a kan wata shari'a da ka san ka kare ƙarya a cikinta, ka tuba, ka fitar da kwatankwacinsa ga mabuƙata ba da niyyar neman lada ba, kuma idan akwai wanda ya rasa haƙƙinsa ta dalilinka, ka neme shi ka gyara gwargwadon ikonka. Wallahu a'alamu.