Tambayoyinku Kan Na'ura: Shaguna huɗu gare ni, in sayi sabon waifai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagunan kayan masarufi huɗu, biyu a Birnin Kebbi, ɗaya a Jega, ɗaya a Argungu, sai sito a Jega kusa da shagon. Kowane shago da POS da kwamfutar lissafi da kyamarori. Da ƙananan rauta, wato na'urorin raba intanet, masu layin waya muke aiki. Ranar kasuwa sabis sai ya tsaya cik, mai saye na tsaye yana jiran kuɗi su fita, har wani ya ajiye kaya ya tafi. Wani yaro mai haɗa na'urori ya kawo mini lissafi, ya ce in sa Wi-Fi 6 a ko'ina, matsala ta ƙare. In saya? Kuma ina son in riƙa ganin cinikin kowane shago daga gida. Daga wani Alhaji a Jega.

AMSA: Wa alaikumussalam Alhaji, Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Ajiye lissafin yaron nan tukuna. Ban ce ya cuce ka ba, kayan da ya ambata masu kyau ne, sai dai ina shakkar ko nan ciwon yake.

Waifai daban, intanet daban. Intanet shi ne ruwan da ke cikin randa, waifai kuwa moɗa ce kawai da ake ɗiba ana raba wa na'urorin cikin shago. Ka sayo sabuwar moɗa mai tsada, in randar ba ruwa, ƙishirwa na nan. Da ka ce ranar kasuwa abin ke tsayawa, hankalina ya tafi kan eriyar kamfanin waya ta unguwar: jama'a sun cika gari, kowa da wayarsa, duk eriya ɗaya suke hawa. Wi-Fi 6, wanda aka fara ba na'urorinsa shaidar inganci a 2019, an yi shi ne don ya ɗauki na'urori masu yawa a wuri guda ba tare da cunkoso ba. Shagon da ke da na'ura takwas ko goma bai kai ga wannan damuwar ba.

Gani ya kori ji. Kafin ka kashe ko kwabo, ka sa manajan kowane shago ya gwada gudun intanet da manhajar Speedtest a wayarsa, safe da azahar da bayan la'asar, har mako biyu, ranar kasuwa a ciki. Ya gwada a gaban rauta, ya gwada a ƙuryar shago, ya rubuta a littafi. Idan a gaban rauta ma gudun ya faɗi, matsalar daga waje take shigowa. Idan a gabanta lafiya lau amma a ƙurya ya mutu, to a nan ne yaronka yake da gaskiya. Su kuma gwada layukan MTN da Airtel da Glo a kowane wuri, don layin da ke gudu a Birnin Kebbi ba lalle ya yi a Argungu ba. Kada son kamfani ɗaya ya sa ka ɗaure shaguna huɗu da shi.

Abin da zan fi so ka sa wa kuɗi shi ne hanya biyu ta shigowar intanet a kowane shago. Akwai rauta masu ɗaukar layi biyu, ɗaya ya yanke ta koma kan ɗayan da kanta. Inda shago yake da rufin kwano ko kwantena ce, ƙarfe na tare sabis, don haka a fitar da eriya waje a ɗaga ta sama, a jawo waya zuwa ciki. Wannan kaɗai ya sha gyara shagunan da masu su suka riga suka yanke ƙauna. Babban shagonka, wanda ya fi kawo kuɗi, shi ne zan duba wa Starlink, mai aiki da tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Ba ruwansa da eriyar unguwa. Amma yana son sararin sama ba bishiya ba gini, ruwan sama mai ƙarfi kan katse shi na ɗan lokaci, kuɗin watansa ya fi na layin waya nesa ba kusa ba, kuma babban faifansa na jan wuta tsakanin wat 50 zuwa 100, alhali ƙaramar rauta ba ta cika wuce wat 15 ba.

Wutar ita ce magana ta biyu, kuma ita masu kawo lissafi suka fi mantawa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tafi tayar da janareta, rauta ta mutu, sai ta ɗauki mintuna kafin ta sake kama sabis. Yaran shago su ce ba netwok, nan kuwa wuta ce. A ware wa kayan intanet batirinsu da ɗan faifan sola, kada a haɗa su layi ɗaya da firiza. A sa musu na'urar kare tsawa, a binne ƙarfen as, wanda ke kai wutar tsawa cikin ƙasa, yadda ya kamata, musamman in an ɗaga eriya sama, don damina ɗaya ta isa ta ƙone komai. Kuma kada a kulle rauta a akwati ƙarƙashin kwano. Zafin Afrilu a nan kan haura digiri 40, na'ura in ta yi zafi sai ta riƙa kashe kanta. Ƙurar hunturu ma a riƙa kakkaɓe ta.

Sai cikin shagon. Ƙa'idata ita ce duk abin da ba ya motsi a ja masa waya. Kwamfutar lissafi da kyamarori da firinta ba inda za su, a haɗa su da kebul na Cat6, wanda ke kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, kuma akwai na'urorin da ke tura wuta da data tare ta cikin kebul ɗin ɗaya. Waifai a bar wa POS da wayoyin hannu. Na'urar raba waifai a maƙala ta a silin tsakiyar shago, ba bayan buhunan shinkafa ko katan-katan ruwan leda ba, don ruwa da ƙarfe su ne manyan abokan gabarta. Waifai kan yi aiki a zango biyu: zangon 5 GHz ya fi gudu amma ba ya ratsa bango sosai. Zangon 2.4 GHz ya fi nisa, kuma POS da yawa shi kaɗai suka sani, saboda haka kada a kashe shi. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, sai mai haɗawar ya duba wadda maƙwabta ba su cika ba.

Kyamarorin nan ka kula da su. Guda ɗaya mai aika hoto a kan megabit 2 a sakan, in aka bar ta dare da rana, tana cin fiye da gigabait 21 a kwana ɗaya. Su riƙa naɗa a na'urarsu a cikin shago, kai ka leƙa ta waya in buƙata ta taso. Na san Alhazai da son zama a gida ana kallon yara, amma kowane kallo data ne, kuma yana tare wa POS hanya. Haka nan a raba waifai gida biyu: na ciniki, wanda kai da manaja kaɗai kuka san kalmar sirrinsa, da na yaran shago mai ƙayyadadden gudu, in ba haka ba TikTok zai cinye maka data kafin rabin wata. A kulle waifai da tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a sauya kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga kamfani, a sake sauya ta duk ranar da wani ya bar aiki.

Ganin ciniki daga gida ba ya buƙatar a haɗa Argungu da Jega da wata doguwar eriya. Manhajar lissafi ce za ta riƙa aika bayanan kowane shago ta intanet. Eriyar haɗa wuri biyu sai tsakanin shagon Jega da sito, idan daga rufin wannan ana hango rufin wancan. Amma ka tsaya kai da fata a kan manhajar da ke aiki ko ba intanet, ta ajiye ciniki ta tura in sabis ya dawo. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Wanda lissafinsa duka ke rataye da sabis, a ranar ya koma biro da takarda.

Kada a taɓa shaguna huɗun lokaci guda. A fara da na Jega, tunda shi ne a gabanka, ya yi wata guda ana gani, sannan a kwafi tsarin zuwa sauran da kaya iri ɗaya, ko Omada na TP-Link ko UniFi ko MikroTik, don mutum ɗaya ya iya duba su duka daga nesa. Ba a cikin azumi ba, ba kuma gab da Sallah ba. Yaron naka ka ba shi aikin in ya yarda da wannan tsari, amma asusun sarrafa na'urorin a buɗe shi da sunanka da lambarka, ya rubuta maka duk kalmomin sirri a takarda, cikon kuɗinsa kuma sai an wuce ranar kasuwa biyu lafiya.