Tambaya da Amsa: Ƙaramar Bindigata Tana Cijewa a Lokacin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni jami'in tsaro ne, kuma a wurin aiki aka ba ni ƙaramar bindiga mai cin harsashin milimita 9. Tun shigowar hunturu take cijewa a filin atisaye, wani lokaci kwanson harsashi ya maƙale a tsaye a bakin ramin fitarsa, wani lokaci kuma harsashi na gaba ya ƙi hawa. Na ƙara mata mai sosai, amma abin sai gaba yake yi. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton man da ka ƙara shi ne ya ƙara dagula lamarin, domin ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, kuma da zarar ta haɗu da mai sai ta zama wani baƙin kwaɓi da ke rage gudun ƙarfen sama mai zamewa. Idan wannan ƙarfe bai koma baya da cikakken ƙarfinsa ba, ba zai wurgar da kwanso waje ba, shi ya sa kake ganinsa a tsaye. Ɗigo kaɗan ya isa a kan hanyoyin da ƙarfen ke zamewa da kuma jikin bututun bindigar ta waje, sannan a share abin da ya yi saura da busasshen ƙyalle. Ramin allurar da ke dukan gindin harsashi kuwa ba a zuba masa mai ko kaɗan.

Abu na biyu da za ka duba shi ne gidan harsashi, wato magazin, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da shi alhali yawancin cijewa daga gare shi take farawa. Ƙura takan taru a cikinsa, sifirin ɗinsa yakan saki, leɓɓansa na sama kuma sukan lanƙwashe idan ya sha faɗuwa a kan siminti. Ka yi wa kowane magazin alama, ta yadda idan guda ɗaya ne ke jawo matsalar za ka gane shi ka mayar. Riƙon sakainar kashi ma yana kawo wannan, domin idan wuyan hannu bai daure ba, hannun ne ke shanye ƙarfin da ya kamata ya tura ƙarfen baya.

Wajen wanki, a fara cire magazin, sannan a ja ƙarfen baya a leƙa cikin ɗakin harsashi, wato gindin bututu inda harsashi ke zama kafin a harba, da ido, a kuma taɓa da yatsa. Wannan jerin bai kamata a juya shi ba, musamman ga mai riƙe da ƙaramar bindiga samfurin Glock, wadda sai an danna kunamarta kafin a iya kwance ta. A ajiye harsasai nesa da wurin aikin, a goge bututu daga baya zuwa baki har ƙyalle ya fito fes.

Akwai abubuwa biyu da ba ka tambaya ba, amma sun fi cijewa haɗari. Idan ka danna kunama ka ji ƙyas ba tare da tashi ba, ka ci gaba da saita bakin bindigar inda kake harbi na tsawon daƙiƙa 30, saboda tsohon harsashi ko wanda ya sha raɓa yana iya tashi a makare. Idan kuma ƙarar ta fito a raunane, bugun da kake ji a hannu ya yi sanyi, ka dakata nan take, domin mai yiwuwa kan harsashin ya tsaya a cikin bututu, kuma harbi na biyu a kansa yana iya fasa bindigar a hannunka.

Idan ka wanke ta, ka sauya magazin, amma cijewar ba ta daina ba, to wataƙila ƙugiyar da ke fizgo kwanso ce ta cinye, ko babban sifirin da ke maido da ƙarfen sama gaba ya gaji. Kada ka kai ta wurin maƙeri, kada kuma ka sa mata zarto da kanka. Ka miƙa ta ga jami'in ma'ajiyar makamai na rundunarku, tare da bayanin irin harsashin da ka harba da magazin ɗin da yake ciki lokacin da ta cije.