Ranar da wa'adin bashi ke cika

Ɗana, ka ce ba ka gane abin da ya sa mutum zai ba gwamnati rance ba, sannan a ce masa ba ya da ikon karɓar kuɗinsa sai wata rana da aka rubuta a takarda. Wannan rana ita ce cikar wa'adi, ranar da mai cin bashi zai maido da uwar kuɗi, magana ta ƙare.

Mu ma nan kasuwar Kejetia ta Kumasi haka muke yi. Dila ya ba mu atamfa bashi zuwa bayan Sallah, ai ka ga wa'adi ke nan. Rancen banki kuwa kaɗan-kaɗan ake biya duk wata, biyan ƙarshe shi ne cikarsa. Takardar bashin gwamnati, wadda ake ba wanda ya ba ta rance, daban take. Akwai gajera, ta kwana 91, 182 ko 364, wadda Babban Bankin Ghana ke gwanjonta duk mako. Doguwar kuma ta shekaru ce, kuɗin ruwa kawai ake ba ka lokaci-lokaci, uwar kuɗi sai ranar ƙarshe. Hukuncin ruwan nan, malamai za ka tambaya, ni lissafin nake koya maka.

In buƙata ta taso kafin ranar, kana iya sayar da takardar ga wani, amma farashin kasuwa zai ba ka. In ruwa ya hau bayan ka saya, da ragi za a karɓa, don wa zai biya cikakken kuɗi a kan tsohuwa alhali sabuwa ta fi ba da riba?

Kuma kada ka ɗauka ranar ba ta motsi. A Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, ministan kuɗin Ghana na lokacin, Ken Ofori-Atta, ya sanar da musayar bashin cikin gida. Aka karɓi tsofaffin takardu, aka ba da sababbi masu wa'adi daga 2027 zuwa gaba, da ruwa ƙasa da na da. 'Yan fansho har zaman dirshan suka yi a ma'aikatar kuɗi a Accra. Gajerun takardu ba a taɓa su ba.

Shi ya sa kuɗin da za mu biya dila ba na kulle su a abin da zai wuce wata uku. Ɗauko littafin bashi ka duba wanda wa'adinsa ke cika wannan Juma'ar.