Duman Indiya ya yi ɗaci, a dafa ko a zubar?

Tambaya: Malam, maigidana ya shuka duman Indiya, wanda suke kira lauki, a gonarsa ta rani a Kura. Na farko mun ci lafiya lau, amma na makon nan wasu sun yi ɗaci. Surukata mai ciwon suga ta ce a matse mata ruwansu ta sha, wai ɗacin ne maganin. Hankalina bai kwanta ba. Yaya ake zaɓarsa da ajiye shi da dafa shi?

Amsa: Malama, kada ki bari Inna ta sha ko cokali guda.

Zaɓi ba wuya. Ki ɗauki ɗanye sharaf, wanda farce ke shiga bawonsa, 'ya'yan cikinsa farare masu taushi. Kada ki wanke sai za ki girka. A gindin randa, cikin jiƙaƙƙen buhu, yana yin kwana uku zuwa huɗu. Ki fere, ki yanka a miyar taushe madadin kabewa, ki rage ruwa don yana fitar da nasa. Minti 15 ya nuna.

Amma kafin komai, ki yanki ɗan mitsitsi daga kowane ɗaya ki ɗanɗana. In da ɗaci, ki tofar, ki binne shi, ko akuya kada a ba.

Na gaji da jin wai duk abu mai ɗaci maganin suga ne. Masu tallan magani da lasifika ranar kasuwa ne suka cusa wa mutane wannan, ga shi ta WhatsApp ma ana ta yaɗawa. Ɗacin duma guba ce mai suna kukubitasin, kuma wuta ba ta kashe ta. Kanwa, manja, daddawa, ɓoye ɗacin kawai za su yi. Ba a cika awa guda ba sai amai da gudawa, wani har da jini, awon jini ya faɗi warwas har mutum ya galabaita. Ba ta da makari, sai ƙarin ruwa a asibiti. A 2010 wani masanin kimiyya a Delhi ta ƙasar Indiya ya rasu bayan ya sha irin ruwan nan, Indiyawa da suka gaji cin sa ke nan. To ina ga dattijuwa mai suga? Ta ci gaba da maganin da likita ya rubuta mata.

Ki gaya wa maigida zafi da ƙishin ruwa na jawo ɗacin. Kuma lauki ɗan'uwan dumanmu na ƙwarya da shantu ne. In suna kusa, ƙwari na haɗa furensu, irin da ya ajiye ya fito da ɗaci baɗi. Ya sayi sabon iri.