Tambayi Likita: Sanƙo, Aski Da Zubewar Gashi

Saƙonnin da suka zo kan gashin kai sun taru, yawancinsu kuma daga samari ne, don haka na haɗa su wuri guda a wannan makon.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 27. Gashin goshina ya fara ja da baya ta gefe biyu, tsakiyar kaina kuma ya yi shara-shara. Abokaina sun ce hula ce ta jawo, domin kullum da ita nake wuni a kasuwa. Gaskiya ne? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ci gaba da sa hularka, ba ta da hannu a wannan lamari. Saiwar gashi ba daga iskar waje take samun abincinta ba, daga jini take samu. Abin da ka kwatanta shi ne farkon sanƙo irin na maza, kuma abubuwa biyu ne ke haɗuwa su kawo shi: gado da sinadarin maza.

Jikin kowane namiji yana juya wani kaso na sinadarin maza, wato testosteron, ya koma wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Shi wannan DHT shi ne ke taimakawa gemu ya fito, amma a kan wanda ya gaji sanƙo sai ya riƙa tsuke saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai. Ba rana ɗaya gashin ke ɓacewa ba. Kowane sili yakan yi shekaru yana tsawo, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. To a nan, duk wanda ya fito sai ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma kamar gashin jariri, daga ƙarshe wurin ya yi sumul. Saiwoyin ƙeya da na gefen kunne ba sa jin DHT, shi ya sa za ka ga dattijo kansa fes amma ƙeyarsa cike.

Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, James Hamilton, shi ya fito da wannan fili a shekarar 1942. Ya lura cewa mazan da aka dandaƙe tun kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma idan aka ba su testosteron, waɗanda ke da shi a zuriyarsu sai ya fara bayyana.

Game da gado, ana yawan cewa daga dangin uwa yake zuwa. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin halittar da ke da hannu a ciki daga uwa namiji ke karɓarsa. Amma ƙwayoyin suna da yawa, kuma ta ɓangaren uba ma suna zuwa. Dubi mahaifinka, dubi kawunnanka, dubi kakanninka duka biyu. Kuma ina so ka kwantar da hankalinka: sanƙo ba alamar wata cuta ba ce a cikin jikinka, ba ya taɓa ƙarfinka ko haihuwarka.

Tambaya: Likita, wanzamina ya ce idan na riƙa yin tal-kwabo duk mako gashin zai dawo da kauri. In bi shawararsa? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, rabin maganarsa zan ɗauka. Aska ba ta kaiwa inda saiwa take, saiwa tana can cikin fata. Ko a aske ko a bari, gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 ne a wata, kuma adadinsa ba ya canzawa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne sabon tsiro bakinsa a yanke yake, sai a ji shi da kaushi a hannu, a ɗauka ya ƙara kauri.

Amma a wajen kyan gani, ina tare da wanzaminka ɗari bisa ɗari. Abin da ke tona asirin sanƙo shi ne bambanci: gefe ya yi tudu baƙi wuluk, tsakiya kuma fata na leƙowa. Duk yadda ka ƙara tara suma, haka bambancin ke ƙara fitowa. Idan aka rage gefen har ya yi kusa da tsakiyar, sai ido ya daina ganin inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Wanda nasa ke farawa, saisaye da kilifa mai lamba 1 ko 2 ya ishe shi, wato tsawon milimita 3 zuwa 6, a ɗan fi rage gefe. Wanda tsakiyarsa ta riga ta buɗe, gara ya kwashe duka.

Abu guda nake roƙon samari su daina: matsa wa mai aski ya gyara layin goshi da reza duk mako. Kowane gyara yana cin ɗan abin da ya rage ne, layin na ƙara komawa baya. Haka baƙin fenti da ake shafawa a cike gurbi, na sha ganin wanda fatarsa ta kumbura ta yi ruwa saboda shi. In ka yi tal-kwabo kuma, kada ka wuni cikin rana kai a buɗe.

Tambaya: Na kashe kuɗi sosai kan mayukan da ake talla a intanet, na shafa albasa da tafarnuwa da man habbatussauda, ban ga komai ba. Shin akwai magani na gaskiya? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, wannan tambaya ta fi taɓa ni, domin na san yadda abin ke cin matashi a rai, musamman wanda bai yi aure ba, masu talla kuma da wannan damuwar suke cin kasuwarsu. Man kaɗanya da man zaitun suna laushin gashi da fata, iyakarsu ke nan. Tafarnuwa kuwa tana iya ƙona fatar kai, ka daina.

Magunguna biyu ne aka daɗe da gwadawa aka ga amfaninsu. Na farko minoxidil, na shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shansa gashi na tsiro musu, a 1988 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa shafa shi don sanƙo. Maza kan yi amfani da mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, safe da yamma. Yana bukatar haƙurin wata 4 zuwa 6, kuma a makonnin farko zubewar kan ƙaru kafin ta lafa. A nan ne da yawa ke tsorata su watsar.

Na biyu finasteride, ƙwaya ce ta miligiram 1 a rana, an amince da ita a 1997. Ita tana rage yawan DHT ne kai tsaye, kuma ta fi na shafawar tsayar da zubewa. Sai dai kada ka je kemis ka saya da kanka. Kimanin mutum 2 cikin 100 kan samu raguwar sha'awa ko raunin gaba, wasu kuma kan ji ƙuncin rai, mai ciki kuma bai kamata ta taɓa fasasshiyar ƙwayar ba domin tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Ka zauna da likita ku auna tare.

Dukansu biyu riƙe abin da ya rage suka fi iyawa. Inda ya yi shekaru sumul, da wuya su dawo da shi. Ranar da ka daina kuma, cikin watanni abin da ka samu zai zube. Shi ya sa nake cewa mutum ya duba aljihunsa tun kafin ya fara. Dashen gashi da ake zuwa Turkiyya a yi, saiwoyin ƙeya ake cirowa a dasa a gaba. Yana yi, amma da tsada, kuma ba ya hana sauran gashin asali ci gaba da zubewa.

Tambaya: Tun da na fara aski ƙasa-ƙasa, ƙuraje masu tauri suka fito min a ƙeya, suna ƙaiƙayi, wani lokaci har da jini. Daga wani direba a Gusau.

Amsa: Malam, wannan ya fi yawa a wurin mu baƙar fata masu nannaɗaɗɗen gashi. Aski na kusa da fata da gogar wuyan riga suna fusata saiwar, ta kumbura, in aka bari ƙurajen su haɗe su zama tabo mai tudu wanda gashi ba ya sake fita a kansa. Ka daina sa reza a ƙeyar, a bar mata ɗan tsawo, kada ka matse, kada ka yarda a tsaga maka. Je wurin likitan fata tun suna ƙanana, akwai na shafawa da allurar da ke kwantar da su.

Tunda kuma har jini na fita, sayi kilifarka ka riƙa zuwa da ita. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a raye a busasshen jini kan ƙarfe, ɗan goge-gogen da ake yi tsakanin wani da wani kuma ba ya wadatarwa. Yi gwajin cutar hanta, in ba ka da ita a yi maka allurar rigakafi, sau uku ake yi.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 8 gashinsa ya zube wuri ɗaya kamar kwabo, wurin ya yi fari-fari. Mahaifinsa na da sanƙo, ko shi ya gado? Daga wata uwa a Bauchi.

Amsa: Hajiya, sanƙon gado ba ya kama yaro kafin ya balaga. Abin da kika faɗa ya fi kama da makero, kuma yara na ɗaukarsa a wurin aski, ko ta mataji da hula da matashin kai. Man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin yana cikin saiwar gashin ne. Sai an haɗa da na sha, irin su griseofulvin, na tsawon mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaron. Ki kai shi asibiti a duba, domin akwai wata zubewar mai kama da wannan wadda wurin ke zama sumul ba ɓawo, ita maganinta daban. Ki tafi da 'yan'uwansa da suke kwana tare a duba kansu su ma.